Farantin da Isyaku Ya Ɗaura wa Motar Audu

A Dukawuya, in ka ce Malam Isyaku sai a tambaye ka wanne, domin Isyakun unguwar uku ne a wancan lokacin. Amma in ka ce Isyaku Sake-Duba, ko tsohuwar da ta daina fita za ta kwatanta maka gidan. Makaniki ne, garejinsa yana bakin ƙofa daga waje, a jikin ganuwa, domin mota ba ta shiga lungunsu. Mahaifinsa baduku ne, kakansa ma haka. Shi kaɗai ne a gidan ya bar fata ya koma ƙarfe, kuma sai da tsohon ya yi shekara biyu bai leƙa garejin ba.

Direbobi ne suka laƙaba masa sunan. In ya ɗaure noti, sai ya miƙe ya wanke hannu, ya sallami mai mota, har an tada inji, sai ka ji ya ce, "Dakata." Ya koma ƙarƙashi da sufana. Wasu suna dariya, wasu suna tsaki, amma washegari su ne dai a layi.

Ba da halin aka haife shi ba. Yana ɗan shekara talatin ya gyara wa amininsa Musa birkin babbar mota. Bayan kwana shida motar ta ƙwace a wata gangara ta hanyar kudu, ta faɗa kwazazzabo, Musa bai kai asibiti ba. Waɗanda suka je wurin sun ce sitiyari ne ya saki, birki lafiyarsa ƙalau. Babu wanda ya ɗora wa Isyaku laifi, har matar mamacin shi ta aiko wa ya sayar mata da abin da ya rage na motar. Amma shi ya san ya kwanta a ƙarƙashin motar nan yini guda, rodin sitiyarin yana saitin fuskarsa, bai miƙa hannu ya girgiza shi ba. Daga nan ya canza.

'Ya'yansa biyar, namiji ɗaya, kuma shi ne na fari: Nata'ala, malamin firamare. Da yake ɗan fari ne, Isyaku bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa zama ya yi hira da shi a gaban mutane ba. In zancensa ya kama, sai ya ce "malamin makaranta". Matarsa Kande ita kuwa "wancan" take cewa, ta kau da kai.

A daminar 1979, da soja suka shirya miƙa mulki, aka tsara zaɓe kashi biyar, kowanne ranar Asabar. Aka ɗebi malaman makaranta aikin rumfuna, sunan Nata'ala ya fito a wani ƙauye da ake kira Kwandon Dutse, can kudu bayan Tudun Wada, inda kwalta take ƙarewa duwatsu su fara. Motar da aka yi haya ta riƙa kai su, shi da abokan aikinsa uku da akwatunan ƙuri'a, tsohuwar jif ce ta wani direba Audu, mutumin Yakasai, wanda ya shekara goma yana kawo wa Isyaku gyara.

Tafiya uku aka yi lafiya. A ta huɗu, wadda ta zo a farkon azumi, motar ta dawo ran Lahadi da yamma tana tafiya kamar kaguwa, tayar dama tana kallon wani wuri, ta hagu tana kallon wani.

"Dutse ne, Malam Isyaku," in ji Audu, yana saukowa. "Ruwa ya wanke hanya, ya tono shi a tsakiya. Ban gan shi ba sai ƙara na ji. Sitiyari ya juya a hannuna, muka nufi rami. Wallahi tayar gaba a bakin ramin ta tsaya."

Isyaku ya zagaya gaban motar. Ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi. Rodin sitiyari, sandar ƙarfen nan da take haɗa tayoyin gaba biyu su juya tare, ta lanƙwashe a tsakiya kamar baka. A irin wannan mota a fili take, a gaban aksil, ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin, ba abin da ya kare ta. Ya daɗe a kwance yana kallonta.

"Mutanen da ka ɗauko fa?" ya tambaya daga ƙarƙashi.

"Kowa lafiya. Malam Nata'ala ne ma ya bugu a goshi, kaɗan."

"Ban tambaye ka mutum ɗaya ba."

Ya cire rodin, ya gasa shi, ya miƙar da shi a kan guntun ƙarfen dogo da yake amfani da shi a matsayin maƙera. Ya miƙe sarai, amma Isyaku ya san ƙarfen da ya taɓa lanƙwasa ya sha wuta ba ya komawa yadda yake. Saura mako biyu zaɓe na ƙarshe, na shugaban ƙasa. Ya hau kekensa ya zaga Sabon Gari shago-shago, ya je wurin masu fasa tsofaffin motoci, ya ba wani direban Kaduna saƙo. Babu sabo, tsohon da ya samu kuwa ya fi nasa lalacewa.

A gida ya daina cin abincin kirki. Kande ta kawo kunu da ƙosai a sha ruwa, ya kurɓa biyu ya ture.

"Malam, ko a ce wa wancan ya nemi a canza shi?" ta ce wata rana, tana kallon ƙasa.

"A ce masa me? Aikin hukuma ne, ya sa hannu. In ya janye wani za a tura, shi ma ɗan wasu ne, kuma a motar nan dai zai tafi."

"To ya za a yi?"

"Motar zan yi wa dabara."

Dabarar ita ce ya yi wa rodin garkuwa: farantin ƙarfe mai kauri, a ɗaura shi daga ƙarƙashin bamba ya gangara baya, yadda duk dutsen da ya taso zai daki farantin ya zame, bai kai ga sitiyari ba. Ya taɓa ganin irinsa sau ɗaya a motar wasu masu auna ƙasa, shekaru da suka wuce, amma bai auna ba, bai kuma lura da yadda aka kama shi ba.

Ya je wurin Alhaji Ashafa mai tsofaffin ƙarafa, ya yini yana juya tarkace a cikin rana da bakin azumi, har ya samo wani yanki na gindin bodin tifa, kaurinsa rubu'in inci. Alhaji Ashafa ya dube shi ya ce, "Wannan ai ƙofar kurkuku za a yi da shi." Aka ɗora a kura aka kai gareji.

Matsalar ita ce Audu. Da aka mayar masa da rodin ya ga mota tana tafiya daidai, sai ya koma jigilar buhunan gyaɗa da fasinjan ƙauye. Kullum Isyaku ya aika, sai a ce gobe. Bai kawo motar ba sai ran Laraba da hantsi, alhali Juma'a da safe za su tashi.

Isyaku ya ɗaga gaban motar da jak, ya tokare da kututture biyu, ya girgiza ta da kafaɗa ya tabbatar ba za ta sauko masa ba. Ya ɗauko babban kwali ya shiga da shi ƙarƙashi, yana mannawa yana zanawa da alli, yana fitowa yana yankawa da wuƙa, kamar yadda ya ga mahaifinsa yana fitar da fasalin jaka kafin ya taɓa fata. Kwali uku ya ɓata. Na huɗu ya zauna. Ya shimfiɗa shi a kan ƙarfen, ya bi gefensa da alli, ya kunna wutar gas ya yanke. Ya gasa layi biyu ya lanƙwasa su a kan ƙarfen dogon da guduma, gaban ya ɗaga sama kamar hancin kwalekwale. Kafin ya goge kaifin gefen da magagari an kira magariba.

"Ka liƙe shi da walda kawai mu huta," in ji Audu ran Alhamis da safe. "Minti ashirin an gama."

"In ya lotse a daji ya danne rodin, da me za ka cire walda? Da haƙori?"

Kusoshi masu noti zai sa, guda huɗu, kowace da noti biyu, na biyun ya danne na farko kada girgiza ta kwance shi. Akwai huji biyu tun asali a jikin shasi, ƙashin motar, kusa da bamba, sauran biyun sai ya huda. Ya jona injin huda, ya fara, bai kai rabin na farko ba aka ɗauke wuta. Ya jira rabin awa yana kallon ƙwan fitila. Daga nan ya ɗauko mahudin hannu, ya kwanta rigingine, ya dafe shi da ƙirji yana juyawa. Garin ƙarfe yana zubo masa a fuska, gumi yana shiga idonsa, harshensa ya bushe kamar tsumma. Mutum ne mai shekara hamsin da biyu. Sau biyu yana ganin duhu-duhu, ya ajiye, ya rufe ido, ya ci gaba. Huji biyun nan sun cinye masa daga hantsi har bayan azahar.

Suka ɗaga farantin su biyu, Audu ya tallafe da gwiwa, Isyaku ya zura kusoshin ya ɗaure. Aka sauke mota. Audu ya juya sitiyari dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe. Shiru, ba abin da ya taɓa.

"Alhamdu lillahi," in ji Audu, ya ɗauko makulli.

"Wannan mota ce ba kowa a ciki. Gobe mutum biyar ne, da akwatuna, da jarkokin mai. In ta zauna, ta faɗa rami, tazarar nan ba haka za ta tsaya ba."

Da aka idar da la'asar Isyaku ya tsaya a ƙofar masallaci ya roƙi mutum shida. Har da liman a masu kallo. Ya shafe cikin farantin da alli fari fat, ya sa huɗu suka shiga mota, biyu suka hau bamba, ya ce su riƙa dannawa suna saki, Audu kuma ya riƙa juya sitiyari. Shi ya shige ƙarƙashi, motar tana sauka tana tashi a saman fuskarsa. Da sitiyarin ya kai ƙarshen hagu, ya ji wani ɗan ƙaramin sauti, ƙit. Ya ce a tsaya. A jikin allin ga wani siririn layi, tsawon ɗan yatsa, inda kan rodin ya goga.

Ya sake duban layin. Da a ce ya bar Audu ya tafi, abin da ya yi don kariya shi ne zai riƙe sitiyarin a tsakiyar kwana.

"Wannan ai ko gashi bai kai ba," in ji Audu, da ya leƙa. "Malam Isyaku, ina da mai da zan nema, ga rana ta yi sanyi. Ko mu cire shi gaba ɗaya, a tafi yadda aka saba."

Maganar ta shigi Isyaku. Wataƙila gaskiya ne. Shekara goma motar nan tana yawo ba faranti. Idan aka bar ta haka wani abu ya faru, dutse ne ya yi. Idan ya ɗaura wani abu ya faru, shi ne ya yi. Ya zauna a kan tsohuwar taya, yana kallon farantin.

"Ba ni awa biyu," ya ce.

Ya kwance farantin. Ya yanko gutsattsarin bututu huɗu masu kauri, kowanne tsawon rabin inci, ya goge su suka zama daidai, ya sa su tsakanin farantin da shasi don ya ɗan sauko ƙasa. Ya huda ramuka uku a gindinsa saboda ruwa da taɓo su samu mafita. Ya mayar, ya sake shafa alli, ya sake roƙon mutanen nan, waɗanda yanzu kowa hankalinsa ya koma kan shan ruwa. Suka hau suna gunaguni. Dama, hagu, dama, hagu. Allin bai nuna komai ba. Ya zura yatsu biyu tsakanin rodin da ƙarfen, suka shige. Ya bi notocin da sufana yana ɗaurewa, ladan yana kiran magariba.

Da safe Audu ya biyo ta garejin da fasinjojinsa. Nata'ala ya sauko, ya durƙusa nesa kaɗan, tabon goshinsa bai gama bajewa ba.

"Baba, za mu tafi."

"To. Allah ya tsare," in ji Isyaku, idonsa a kan tayar gaba. Ya miƙa wa Audu sufana biyu ɗaure da tsumma. "In ka ji sitiyari ya yi nauyi, tsaya nan take ka cire shi. Kada ka ce bari a kai gaba. Kayan hukuma ka ɗauko, ka bi a hankali."

"Na san kayan da na ɗauko, Malam," in ji Audu, bai yi dariya ba.

Motar ta tafi. Isyaku ya ɗauki tsintsiya yana share inda ta kwana biyu, sai ya ga noti a cikin ƙasa. Ya ɗauka. Sabo ne, girman waɗanda ya sa wa farantin.

Ya tsaya da shi a tafin hannu. Takwas ya sayo, ko tara? Ya tuna ya ce wa mai shago takwas. Ya kuma tuna kamar mai shagon ya ƙara ɗaya. Ko a wani sayen ne aka yi haka? Jiya da ya mayar da farantin karo na biyu ana kiran salla, ido ya fara gaza gani. Na baya na hagu, ya sa masa na biyun kuwa? Ya rufe ido yana neman abin a hannunsa, ya ji kamar ya sa, ya ji kamar bai sa ba. Ya hau keke ya bi titi har ya wuce inda yake tsammanin za su tsaya shan mai. Sun yi nisa.

Bai gaya wa Kande ba. Ya jefa notin a aljihun gaba, yini guda hannunsa yana komawa wurin. Noti ɗaya ma yana riƙewa, haka ya riƙa gaya wa kansa, motoci nawa ne suke yawo da noti ɗaya. Sai kuma ya tuna hanyar, ya ga kusar tana kwancewa zare-zare, farantin ya saki ta gefe guda, ya karkace, ya soki ƙasa.

Ran Asabar ya je ya jefa ƙuri'arsa, ya dawo bai iya tuna layin da ya bi ba. Kande ta tafi tare da matan lungu, ta dawo tana duba tawadar da ke babban yatsanta, ta ce, "Ko can ma yanzu suna nan suna fama da mutane." Ya ce, "Suna nan." Da la'asar hadari ya haɗo daga kudu, baƙi ƙirin, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Lahadi ce ranar dawowa. Ya buɗe gareji tun da sassafe ko da yake ba aikin da ya karɓa. Duk ƙarar injin da ta taso daga titi sai ya miƙe. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Wata motar da ta kai wasu malamai wajen Rano ta dawo, ya tare direban, ya ce shi bai bi ta can ba, amma ya ji an ce rafuka sun cika a kudu. Aka sha ruwa ba su zo ba. Kande ta zuba abincin mutum ɗaya a kwano ta rufe, ta ajiye a gefe, ba wanda ya yi maganarsa.

Litinin da safe ya je tashar motocin Tudun Wada, ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya ga jif a gefen hanya an kewaye ta, amma fara ce. Ta Audu koriya ce. Wani ya ce a'a, koriya ce. Isyaku ya daina tambaya. Ya yanke shawarar in an yi azahar ba labari zai shiga mota ya bi hanyar da kansa. Ya koma gareji ɗaukar kayan aiki.

Yana cusa sufanu a jaka ya ji injin. Ya san shi tun kafin ya juyo. Motar ta shigo a hankali, taɓo har gilashi, mutum biyar a ciki. Ya ƙirga su sau biyu. Nata'ala ya sauko ya durƙusa, ya rame, idanunsa ja.

"Baba, mun dawo."

"Sannunku," in ji Isyaku, ya wuce shi, ya kwanta a ƙasa ba ko buhu. Ya kankare taɓon da yatsu. Gaba dama, biyu. Gaba hagu, biyu. Baya dama, biyu. Ya kai hannu na ƙarshen, ya lalubo: biyu ne, a ɗaure tam. Ya bar hannunsa a wurin, ya kwantar da kai a ƙasa, ya daɗe bai motsa ba.

Sannan ya ga farantin. A tsakiyarsa akwai lotsawa mai zurfin da za ta ɗauki dunƙulen hannu, da wani dogon karce da ya bi ta har baya, ƙarfen ya yi fari. Rodin yana bayansa a miƙe.

"A rafi ne, wajen dawowa," in ji Audu, ya tsuguna. "Kwana muka yi muna jiran ruwa ya janye, muka kai akwatuna a makare. Da muka shiga, ruwan ya rufe komai, ba ka ganin ƙasa. Sai ji muka yi kamar an harba bindiga, gaban motar ya ɗaga sama ya dawo. Na ce shi ke nan. Na juya sitiyari, ya amsa. Abu ɗaya dai, taɓo yana taruwa a ciki, sau biyu muna tsayawa muna ƙwaƙulewa da sanda."

"Ramukan sun yi ƙanana," in ji Isyaku. "Na san sun yi ƙanana. Bar ta a nan."

"Malam, ka ji abin da na ce kuwa? Abin nan ya cece mu."

"Na ji. Bar ta."

Ya fito, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce wa iska, ba tare da ya dubi kowa ba, "A je gida, ana jira." Nata'ala ya ɗauki jakarsa ya shige lungu.

A wannan makon ya cire farantin, ya buge lotsawar, ya faɗaɗa ramukan. Bayan salla sabon rodi ya iso daga Kaduna ya sa. Audu ya baza labari a tasha, kafin ƙarshen shekara masu motocin ƙauye sun fara zuwa, har da wata motar asibiti da ke kai allura ƙauyuka. Ya yi wa motoci goma sha ɗaya, kowacce da kwalinta, domin ya ƙi yarda ya yi amfani da awon wata a kan wata. Wasu makanikai suka kwaikwaya, suna liƙewa da walda, in ya gani sai ya kau da kai.

Ya bar aiki da idonsa ya raunana, wajen shekara goma sha biyu bayan haka, ya sayar da garejin ga wani mai faci. Nata'ala ya zama hedimasta a Soron Ɗinki, ya sayi babur. Isyaku ya rayu shekara shida bayan barin aikin, yawancinsu a kan tabarma a zauren gidansu, jikoki suna karanta masa jarida da ƙarfi saboda kunnen ma ya fara nauyi. Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, aka kai shi bayan azahar.